Me ake nufi da "homon kango"?

Homon kango kalmar Japananci ce. Homon na nufin ziyara, kango kuma jinya, wato nas ce ke yin tattaki har gidan majinyaci ta duba shi a ɗakinsa. A 1992 Japan ta fara buɗe cibiyoyin wannan aiki domin tsofaffi, sai a 1994 aka buɗe ƙofa ga kowa. Akwai reshensa na masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma yara da matasa na ciki.

Nas ba ta zuwa haka kawai. Sai likitan ƙwaƙwalwa da ke duba yaron ya rubuta takardar umarni, sannan inshorar lafiya ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Bisa ƙa'ida ziyarar ba ta wuce kwana 3 a mako.

Abin da ya sa ake yawan ambaton kalmar yanzu shi ne yaran da suka ƙaurace wa makaranta. A can ana ce da matsalar futoko, kuma ana sa ɗalibi a wannan lissafi idan ya yi fashin kwana 30 ko fiye a shekara ba don ciwon jiki ko talauci ba. A shekarar karatu ta 2023 ma'aikatar ilimin ƙasar ta ƙidaya sama da 346,000 a firamare da ƙaramar sakandare. Ba duka ke da larura ba, amma a cikinsu akwai masu ciwon damuwa da masu fargaba mai tsanani. Yaron da ya kasa fita ƙofar ɗaki, ta yaya zai hau jirgin ƙasa zuwa asibiti?

Da an ce nas, allura ce ke zuwa mana a rai. A nan aikin ya sha bamban. Wata ziyarar hira ce ta bayan ƙofa, yaron bai ma leƙo ba. Wata ranar wasan kati za su yi, tana lura da barcinsa, da cin abincinsa, da ko yana shan magani, da ko ya ji wa kansa rauni, ta kai wa likita rahoto. Ni dai abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ana sauraron uwa ma, wadda sau tari ta daɗe tana zargin kanta ita kaɗai.

Yaron da aka sallamo daga asibiti kuwa, a watanni 3 na farko ana iya zuwa masa har kwana 5 a mako, domin a lokacin ne ciwo ya fi saurin dawowa.