Dokokin sayar da giya a Jihar Bauchi

Dokokin sayar da giya a Jihar Bauchi sun fi ƙarfi kan abu biyu: inda za a sayar, da wanda za a sayar wa. Tushensu uku ne, wato dokokin zamanin Turawa, da dokar laifuffuka ta tsohuwar Jihar Arewa, da shari'ar Musulunci.

Tarihi

Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta wajabta wa ƙasashen Turai su hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. A kan wannan Gwamna Lugga ya sa Arewa cikin yankin hani, kuma Bauchi ta shiga ciki bayan da Turawa suka ci ta a 1902. Dokar giya ta 1917 ta raba Najeriya zuwa yankunan da aka hana, da na lasisi, da waɗanda aka taƙaita. Hanin bai shafi Turawan kansu ba, suna sha a kulob ɗinsu. Burkutu kuwa, wanda mata ke dafawa da dawa a garuruwan da ba na Musulmi ba, an bar lamarinsa galibi a hannun En'e.

Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki wajen 1960, ta hukunta maye a bainar jama'a ga kowa. Ta kuma keɓe wani sashe ga Musulmin da ya sha giya ba don magani ba, hukuncin da ya haɗa da tara ko ɗauri na ɗan lokaci.

Bayan 2001

A zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu jihar ta ƙaddamar da shari'a a 2001. Haddin mashayi a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne, kuma Musulmi kaɗai yake hawa kansa. 'Yan Hisba ke sa ido a cikin gari. Barikin soja na gwamnatin tarayya ne, don haka kasuwanninsa ba sa hannun Hisba. A yankunan Bogoro da Tafawa Ɓalewa, inda Kiristoci ke da yawa, ana ci gaba da sayarwa.

Yau

Kwalabe na ɗauke da gargaɗin kada a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A farkon 2024 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta fara hana giyar leda da ta kwalbar da ba ta kai mililita 200 ba, masana'antu suka yi ca, aka ɗage aiwatarwa a wancan lokacin.

Ana taƙaddama kan rabon harajin VAT na giya ga jihohin da suka hana ta.