Takardar cunkushewar nono: abin da dokar Amurka ta ce, da inda ta yi shiru

Tun ranar 10 ga Satumban 2024, duk macen da aka ɗauki hoton nononta da na'urar mamogaram a Amurka tana samun wani bayani a takardar sakamakonta: ko dai a ce tsokar nononta a cunkushe take, ko a ce ba a cunkushe take ba. Wannan layi guda ya hana mata da yawa barci. Wasu sun ɗauka wata sabuwar hanya ce ta faɗa musu suna da sankara cikin lalama. Wasu kuma, kuma su ne suka fi damuna, sun yanke cewa tunda hoton ba ya gani sosai a irin jikinsu, to komawa ɓata lokaci ne. Duka fahimtar biyu ba haka dokar ta ce ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ita ta fitar da ƙa'idar a Maris na 2023, ƙarƙashin dokar ingancin hoton nono ta 1992, sannan ta ba asibitoci wata 18 su shirya. Ta shafi duk asibiti da cibiyar da ke ɗaukar wannan hoto a ƙasar, in ban da asibitocin tsofaffin sojoji da ke da nasu tsarin.

Cunkushewar dai ba cuta ba ce. Nono ya ƙunshi kitse da kuma hanyoyin ruwan nono da naman da ke riƙe su. Idan na biyun ya fi kitsen yawa, shi ne ake cewa a cunkushe yake. Likitan da ke karanta hoton yana sa kowace mace a ɗaya daga rukuni 4, daga wadda kusan duka kitse ne har zuwa wadda ta cunkushe matuƙa, kuma rukuni na 3 da na 4 su ne ake rubuta wa "a cunkushe". Kusan rabin matan da suka kai shekara 40 suna cikin waɗannan biyun. Ba a gane shi da taɓawa, kuma girman nono ko taurinsa ba sa nuna shi; a hoto kaɗai ake gani. Yakan ragu da shekaru, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

To me ya sa aka wajabta faɗa? A hoton, kitse yana fitowa da duhu, cunkusasshen nama kuma fari fat. Ƙari ma fari yake fitowa. Neman sa a nan kamar neman farin maɓalli ne a tulin auduga. Wata malama a jihar Connecticut, Nancy Cappello, an gano mata sankarar da ta riga ta yi nisa a 2004, makonni kaɗan bayan hoto ya ce lafiyarta lau. Likitoci sun san nononta a cunkushe yake, ita ce ba ta sani ba. Fafutukarta ta sa jiharta ta zama ta farko da ta yi dokar sanarwa a 2009, wasu jihohi suka bi sahu har masu irin wannan doka suka kai 38, kowace da irin kalamanta, kafin gwamnatin tarayya ta zo ta daidaita maganar. Ta rasu a 2018, ba ta ga ranar ba.

Jimlar da ta fi tada hankali a takardar ita ce wadda ke cewa cunkushewa tana ƙara haɗarin kamuwa da sankarar mama. Gaskiya ce, amma takardar ba ta faɗi ƙarin nawa ba, shi ya sa kowa ke cike gurbin da tsoronsa. Za ki ji ana cewa ninki 4 zuwa 6. Wannan adadi yana fitowa ne idan aka gwada rukunin da ya fi kowa cunkushewa da rukunin da kusan duka kitse ne, kuma kowannensu kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na mata. Idan aka gwada da matsakaiciyar mace, ƙarin ga rukuni na 4 kusan ninki 2 ne, ga na 3 kuma, inda mafi yawan masu karɓar wannan takarda suke, ƙarin ɗan kaɗan ne. Tarihin cutar a dangi na jini da shekarun mace na iya yin nauyi fiye da wannan. Sannan irin wannan jimlar ana rubuta ta har a takardar wadda aka ce nata ba a cunkushe yake ba, domin ƙa'idar ta tsara kalaman da kowane asibiti zai yi amfani da su. Ganin ta ba ya nufin likita ya hangi wani abu a jikinki. Idan an hangi abin zargi, dokar ta ce a aiko miki da sakamako cikin kwana 7, saɓanin kwana 30 na sauran.

Akwai kuma masu tambayar ko za a hukunta wadda ta ƙi yin ƙarin gwaji, ko inshora za ta juya mata baya saboda an sanar da ita ta share. Babu wani hukunci a kan mace a cikin wannan ƙa'ida. Ba ta tilasta wa kowa zuwa hoton farko ba ma, balle na biyu. Sandar a kan asibiti take. Ana duba kowace cibiya sau ɗaya a shekara, kuma wadda ta saɓa za a iya ɗora mata tsarin gyara, ko tarar da dokar ta sa har dala 10,000 a kan kowane laifi ko kowace ranar saɓawa, ko a dakatar da takardar izininta ko a soke ta. Cibiyar da ba ta da wannan takarda kuwa ba ta da ikon ɗaukar hoton nono ko ɗaya. Idan ingancin aikinta ya lalace har ya zama barazana ga lafiya, FDA na iya tilasta mata ta sanar da matan da ta duba.

Inda nake ganin an bar mata a tsakiyar hanya shi ne batun kuɗi. Takardar tana cewa wasu gwaje-gwajen na iya taimakawa, ki yi magana da likitanki. Shi ke nan. FDA ba ta da iko a kan kamfanonin inshora, don haka ƙa'idarta ba ta ce uffan kan wanda zai biya sikanin ko MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu) ba. Wannan ya dogara da jihar da kike da irin inshorarki. Hoton mamogaram na yau da kullum yawancin inshora na biyan sa gaba ɗaya daga shekara 40. Na gaba da shi ne ake ja-in-ja. Mai hali ta karanta takarda ta je ta yi MRI, marar hali ta karanta ta zauna da fargaba. Kuma a ƙasar da baƙaƙen mata suka fi farare mutuwa da wannan cuta da kashi 40 cikin 100, ba sai an daɗe ana tunanin wa giɓin zai fi cuta ba.

A yi wa hukuma adalci, su ma masana ba su gama daidaitawa ba. Kwamitin ƙwararrun Amurka kan rigakafi, wanda a Afrilun 2024 ya ba da shawarar mata su fara hoto daga shekara 40 zuwa 74, sau ɗaya a shekara 2, ya ce hujjojin da ke hannu ba su isa ya goyi baya ko ya hana ƙarin gwaji ga masu cunkusasshen nono ba. Wani babban bincike a ƙasar Holan da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa ƙara MRI ga rukuni na 4 ya rage sankarar da ke ɓullowa tsakanin hoto da hoto daga 5 zuwa 2.5 cikin mata 1,000. Amma a zagayen farko kusan mata 80 cikin 1,000 an tada musu hankali kan abin da daga baya ya zama ba komai, wasu har an ɗebi naman jikinsu an gwada.

Wannan duka bai zama dalilin daina zuwa ba. Ko a cunkusasshen nono hoton yana kama sankara da yawa, kuma shi ya fi sikanin ganin ƙananan ɗigo-ɗigon nan na sinadarin kalsiyam da kan zama alamar farko. Har yau shi ne gwajin da manyan bincike suka tabbatar yana rage mace-mace. Sauran ƙari ne a kansa, ba su maye gurbinsa ba.

Wadda ta samu takardar, ta tambayi likita rukuni na nawa take, na 3 ko na 4, domin takardar da ake ba ta ba lallai ta bambance ba, amma rahoton da ke hannun likita dole ya faɗa. Ta nemi a lissafa mata haɗarinta gaba ɗaya har da tarihin dangi, ta kuma kira inshorarta kafin ta amince da kowane ƙarin gwaji. Wadda kuma ta ji ƙulli, ko ta ga jini daga kan nono, ko fata ta lotsa, ta je asibiti nan take ko da hoton watan jiya ya ce babu komai.