Allon gwajin rigiletar wuta

Allon gwajin rigileta ƙaramin allon lantarki ne da kamfanonin ƙera aisi (ɗan ƙanƙanin guntun lantarki da aka harhaɗa kayan aiki da yawa a cikinsa), irin su Texas Instruments da Analog Devices, kan haɗa domin injiniya ya jarraba aisin kafin ya saka shi cikin na'urarsa. Aikin rigileta shi ne tsayar da ƙarfin wuta a wuri guda, kamar volt 5 ko 3.3, ko da wutar da ke shigowa tana hawa da sauka, ko na'urar da ke jan ta ta ƙara ci. Allon yakan zo da kafasita (mai ajiye wuta na ɗan lokaci) da resista (mai rage gudun wuta) a jere yadda maƙerin ya tsara, da 'yan ƙusoshin da ake maƙala mita.

Rigileta iri biyu ce. Ta farko tana ƙone rarar wutar ne ta zama zafi. Cikin irinta akwai 7805, mai ba da volt 5 muddin an ba ta kusan 7, da LM317 wadda Bob Dobkin ya ƙirƙiro a National Semiconductor a 1976, ana iya saita ta tun daga volt 1.25. Idan aka sauke volt 12 zuwa 5 ana jan amf 1 (amf ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), wat 7 ne ke tafiya a zafi, fiye da wat 5 ɗin da aka mora. Ta biyun kunnawa da kashewa take yi sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, da taimakon koyil, wato nannaɗaɗɗiyar waya. Asararta kaɗan ce, sai dai tana barin 'yar rawa a kan wutar.

Kafin a kunna, ana duba ƙafar fozitib da nagatib, don juya su kan kashe aisi nan take. Sai a rage iyakar wutar da injin ba da wuta zai saki, a tabbata ɗan makunnin allon yana inda ya dace, a tayar ba tare da lodi ba, wato ba a jona abin da zai ja wutar ba. In mita ta nuna adadin da ake tsammani, sannan a fara ɗora lodi kaɗan-kaɗan, ana kula da zafin aisin.

Abin da ake aunawa sananne ne: yadda wutar fita ke tsayawa in an canza ta shiga, yadda take tsayawa in lodi ya ƙaru, da yadda take farfaɗowa in lodi ya faɗo mata farat ɗaya.

A nan ne ake yawan ɗora wa rigileta laifin da ba nata ba. Wayar da juriyarta, wato yadda take tare gudun wuta, ba ta wuce om 0.05 ba, in amf 2 ya bi ta, tana cinye volt 0.1, wato kusan kashi 3 cikin ɗari na volt 3.3. Wanda ya auna a ƙarshen waya zai ɗauka aisin ne ya gaza. Shi ya sa ake maƙala mita a jikin allon kansa, da wayoyin da ba su ɗauke da lodi.

Haka ma auna rawar wuta da osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a fuskarta. Doguwar wayar nagatib da ke lilo a jikin tsinken awo kan zama eriya, ta kwaso hayaniyar koyil, sai ka ga tsini-tsini a fuskar na'urar alhali babu su a wutar. Masu aikin sukan cire ta, su nannaɗe gajeriyar waya a wuyan tsinken, su dafa ƙafafun kafasitar fita kai tsaye, tare da taƙaita osiloskof ɗin a megahaz 20.