Yadda Ƙungiyar Agaji Za Ta Auna Amfanin Aikinta a Zamfara: Tambayoyi da Amsoshi

Mun raba kaya ga dubban mutane, mun haƙa rijiyoyi. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba. Buhun da aka raba da taron da aka kira lissafin wahalar ƙungiya ne. Abin da ake nema shi ne canjin da ya samu jama'a. A ce kun haƙa rijiyar burtsatse goma a ƙauyukan Anka: bayan shekara guda, nawa ke kawo ruwa? Ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi, ya yanka aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana, kuma kada tazarar gida da wurin ɗiban ruwa ta wuce mita 500. Da wannan ake gwada rijiya. Hoton ranar buɗewa kuwa, sai dai a manna a bangon ofis.

Mu aikin tamowa muke yi. Me za mu riƙa ƙirgawa?

A fara da awon kansa. Ana auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da tef mai launi uku, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga nan sama kore. Idan mai awo ya matse tef, zai mai da lafiyayye majinyaci. Idan ya sassauta, mai tamowa zai koma gida ba magani. Shi ya sa ake sa mutum biyu su auna yaro ɗaya lokaci-lokaci, a ga ko hannunsu ya zo ɗaya. A kuma danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin yatsa ya zauna, kumburi ne, ana karɓar yaron a shirin magani ko tef ya nuna kore.

Sai lissafin waɗanda suka bar shirin. Sphere na son waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin ɗari, mamata su gaza kashi 10, waɗanda suka daina zuwa su gaza kashi 15. Nan ne ake yawan yin coge, wani lokaci ma ba da gangan ba. A ce yara 200 suka fita: 140 sun warke, 10 sun rasu, 50 an daina ganinsu. Waraka kashi 70 ke nan, an gaza. Amma idan aka zare hamsin ɗin nan daga lissafi, sai ta koma kashi 93, rahoto ya yi kyau. Alhali a jihar da 'yan bindiga ke tare hanya, uwar da ta daina zuwa wataƙila ta yi gudun hijira zuwa Gusau, wataƙila kuma yaron ya rasu a gida. Sai an tura mai bibiya za a san wanne ne.

Yaushe ya dace a ɗauki alƙaluman farko?

Kafin a soma aiki, kuma a maimaita a irin watan. Wanda ya auna yara a Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga zazzaɓin cizon sauro, ya sake aunawa a Nuwamba bayan gero ya shigo gida, zai ga sauƙi ko da bai yi komai ba. Kaka ce ta yi masa aikin.

Ta yaya za mu tabbatar mu ne sanadin canjin?

A samu ƙauye mai kama da naku wanda shirin bai kai ba tukuna, a auna shi lokaci ɗaya da naku. Bambancin da ke tsakanin canjin ƙauyenku da na wancan shi ne rabonku.

Rajistar takarda ko waya?

Manhajojin tattara bayanai a waya irin su KoboToolbox da ODK suna aiki ba intanet, sai an samu sabis a tura. Amma waya ba ta hana ƙirga mutum sau biyu. Mace ɗaya kan yi rajista a cibiyoyi biyu, kuma a gari ɗaya sai ka samu Aisha Abubakar biyar. A ba kowa lamba da kati, a riƙa ƙirga lamba. A kowane wata, mai kula ya zaɓi fom goma ba tare da tsari ba, ya je gidajen ya tabbatar. Jerin sunayen waɗanda suka karɓi kuɗi kuwa, ban da dokar kare bayanai ta 2023 da ta hau kanku, kada ya kwana a wayar ma'aikacin da ke bin hanyar daji. A tura shi, a goge.