Dhyan Chand, kyaftin ɗin hokin Indiya na 1936

Dhyan Chand (29 Agusta 1905 zuwa 3 Disamba 1979) soja ne ɗan ƙasar Indiya, kuma ɗan wasan hoki, wasan da wasu ke kira ƙwallon gora. Ya ci lambar zinariya sau uku a jere a gasar Olamfik, a 1928 da 1932 da 1936, kuma a ta ƙarshen shi ne kyaftin. Ɗan gaba ne na tsakiya, gurbin da masu ƙwallon ƙafa za su ce lamba tara. Mutanen ƙasarsa sun yi masa laƙabi da mai siddabaru, saboda yadda ƙwallo ke bin sandarsa kamar an ɗaure ta da zare.

Wasan da ya yi

Bazazzagin da ya saba kallon ƙwallon dawaki ba zai sha wahalar gane hoki ba: sanda ce da ƙaramar ƙwallo mai tauri, sai dai nan ba doki, ƙafa ce. Kowane gefe mutum goma sha ɗaya ne har da gola. Sandar tana da lanƙwasa a baki, gefe ɗaya a shafe yake, ɗayan kuma a zagaye, kuma da shafaffen gefen ake taɓa ƙwallo. Don haka idan ɗan wasa zai kai ta hagu ya dawo da ita dama, dole ya riƙa juya sandar a tafin hannu, a guje, kansa a sunkuye. Ba a cin ƙwallo sai daga cikin rabin da'irar da ke gaban raga. A zamanin Dhyan Chand a kan ciyawa ko ƙasa ake yi, minti 35 kowane rabi, ba a canja ɗan wasa ko da ya ji ciwo.

Daga bariki

An haife shi a Allahabad, wadda yanzu ake kira Prayagraj, sunansa na yanka Dhyan Singh. Mahaifinsa soja ne a rundunar Turawan mulkin mallaka, iyalin suka yi ta yawon bariki kafin su zauna a Jhansi. A 1922 shi ma ya shiga soja a matsayin farabiti. Duk wanda ya taɓa ganin kurata a Defo na Zariya, aski ƙwal, ana fareti tun da duku-duku, ya san irin rayuwar da ya fito daga cikinta. A barikin ne ya kama hoki gadan-gadan, ƙarƙashin wani babban hafsa ɗan ƙasa mai suna Bale Tiwari. Kalmar chand na nufin wata, kuma labarin da ya fi yaɗuwa shi ne abokansa ne suka laƙaba masa ita domin yakan fita atisaye da dare a farin wata bayan an tashi daga aiki.

Fitarsa ta farko waje ita ce ta 1926, da ƙungiyar sojojin Indiya zuwa Niyu Zilan. Sun buga wasa 21, suka ci 18, canjaras biyu, aka ci su ɗaya. Da ya dawo aka ɗaura masa igiya ɗaya, ya zama las kofur.

Amstadam da Los Anjalis

A Amstadam, 1928, Indiya ta zura ƙwallo 29 a wasa biyar ba a zura mata ko ɗaya ba, ta doke masu masauki, Holan, da ci 3 da nema a wasan ƙarshe. Goma sha huɗu daga ciki nasa ne, ba wanda ya kai shi a gasar. A Los Anjalis, 1932, ƙasashe uku kacal suka shiga. Indiya ta lallasa Japan 11 da 1, ta yi wa Amurka 24 da 1. A wannan wasan shi ya ci takwas, ƙanensa Roop Singh ya ci goma.

A duka gasannin biyu ba shi ne kyaftin ba. Jaipal Singh Munda, wanda ya yi karatu a jami'ar Okisfod ta Ingila, shi aka naɗa a 1928, sai Lal Shah Bokhari a 1932. A Indiya ta wancan lokaci shugabanci yakan bi boko da matsayi, shi kuwa ƙaramin soja ne da bai yi nisa a makaranta ba. Sai daga baya aka ba shi jagorancin ƙungiyar ƙasa. Ƙwallayen da ya ci ne suka kai shi, ba gidan da ya fito ba.

Balin, 1936

Tafiyar ta fara da ƙafar hagu. Bayan doguwar tafiya a jirgin ruwa, Jamusawa suka doke su 4 da 1 a wasan share fage. Hankalin shugabannin tawagar ya tashi, aka aika gida a turo Ali Iqtidar Shah Dara, wanda ya iso ta jirgin sama daf da wasan kusa da na ƙarshe. Daga nan suka bi Hangari 4 da nema, Amurka 7, Japan 9, Faransa 10, duk ba a taɓa ragarsu ba.

Ruwan sama ya sa aka ɗage wasan ƙarshe da kwana ɗaya, aka buga shi da safiyar 15 ga Agusta. Filin a jiƙe, Jamusawa sun tsare gida, aka tafi hutun rabin lokaci Indiya na da ci ɗaya tak. Da aka dawo sai kyaftin ɗin ya tuɓe takalminsa mai ƙusoshi don ƙafarsa ta yi sauƙi. Ya yi karo da golan Jamus, Tito Warnholtz, har ya rasa haƙori, aka duba shi a bakin fili, ya koma ciki. An tashi 8 da 1. Shi ya ci uku, Dara biyu. Wannan ƙwallo ɗaya ta Jamus ita kaɗai ce ta shiga ragar Indiya a gasar, ita kuwa ta zura 38.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka aka raba Indiya gida biyu. Dara ya koma ɓangaren Pakistan, shi ya zama kyaftin ɗinta a Olamfik ta 1948.

Tatsuniyoyi

Kamar kowane gwarzo, an yi masa ƙarin gishiri. Ana cewa Hitila ya yi masa tayin babban muƙami a sojan Jamus ya ƙi, ana cewa a Holan an fasa sandarsa ana neman maganaɗisu, ana cewa akwai mutum-mutuminsa mai hannu huɗu a Biyena. Irin waɗannan labaran baka ne ke yawo da su, kuma shi bai buƙace su ba, alƙaluman gasannin uku sun ishe shi. Masu ba da su sukan manta abin da ya fi wuya a wasansa, wato sanin inda abokin wasa zai kasance kafin ya isa, da tura masa ƙwallo gajeriya daidai bakin sanda.

Bayan fili

Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye Olamfik ta 1940 da ta 1944, shekarun da zai iya ƙarawa. A ƙarshen 1947 ya jagoranci tawaga zuwa Gabashin Afirka yana da shekara 42. Ya bar soja a 1956 da muƙamin manjo, a shekarar aka ba shi lambar girmamawa ta Padma Bhushan. Ya koyar a cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Patiala. Ciwon dajin hanta ya yi ajalinsa a Delhi.

Ranar haihuwarsa ita ce ranar wasanni ta ƙasa a Indiya. Babban filin hoki na Delhi sunansa yake ɗauke da shi, haka ma lambar yabo mafi girma ta wasanni a ƙasar, Khel Ratna, tun 2021. Ɗansa Ashok Kumar shi ya ci ƙwallon da ta ba Indiya kofin duniya a 1975, a kan Pakistan, 2 da 1, a Kwala Lamfur.

Hokin da ya sani ya sauya daga 1976, lokacin da aka koma ciyawar roba a Olamfik ta Mantiriyal. A kan roba ƙwallo na gudu santsi, ƙarfi da sauri suka rage wa gwanintar wuyan hannu daraja, kuma shimfiɗa filin na cin kuɗi mai yawa. Indiya ta ci zinariyarta ta takwas a Mosko a 1980, ba ta sake hawa dandamalin Olamfik ba sai tagullar Tokyo a 2021. Matsalar ɗaya ce da ta yaron da ya koyi riƙon sanda a busasshen filin makaranta a Samaru ko Tudun Wada: ƙwallo na tsalle a kan tsakuwa, ya saba tarbarta da taka-tsantsan, ranar da ya fara taka roba a Abuja sai ya ga ta wuce shi kafin ya sauke sanda.