Ƙetare iyakar Seme da mota: abin da doka ta ce, da abin da ke cinye lokaci

Direbobi da 'yan kasuwarmu na Mile 12, Agege da Alaba Rago a Legas sukan tambaya ko akwai layin gaggawa a bodar Seme da ke tsakanin Najeriya da Benin, wanda mutum zai biya kuɗi ya wuce ba jira. Babu layin da doka ta ware domin sayarwa ga mai ƙaramar mota. A tsakanin Amurka da Kanada akwai irin wannan tsari mai suna NEXUS, inda ake tantance matafiyi tun kafin tafiya a ba shi kati da layinsa daban. A nan, abin da ya yi kama da shi tsarin AEO ne na hukumar kwastan, shi kuwa na kamfanonin da aka amince da su ne wajen fitar da kaya da shigo da su. Duk yaron da ya tare ka a bakin boda ya ce ka kawo fasfo da 'yan canji zai bi da kai ta gajeriyar hanya, ba ma'aikaci ba ne. Kada fasfonka ya bar hannunka sai a gaban jami'in da ke bakin aiki.

Tushen dokar ita ce yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan 'yancin zirga-zirga. Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai aiki da shaidar rigakafi. Motar gida ma kwana 90 aka ba ta, amma motar haya mai ɗaukar fasinja kwana 15 kawai. Wannan bambanci yana kama mutane da yawa.

Takardun mota su ne inda ake daɗewa. Ana neman lasin tuƙi, takardar mallakar mota, inshorar da ƙasashen ƙungiyar suka yarda da ita, da takardar kwastan ta shigar da mota na wucin gadi. Inshorar ita ce katin nan mai ruwan ƙasa, Brown Card, wanda ke biyan diyyar wanda ka yi wa ɓarna a wata ƙasa. Ka karɓe shi wurin kamfanin inshorarka tun a Legas. Kafin ka tashi, buɗe bonet ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takarda. Harafi ɗaya ya saɓa, an ajiye ka gefe, domin tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin ƙasa, kuma jami'i yana son ya tabbatar motar da ta fita ita ce ta dawo. In sunan da ke kan takarda na maigidanka ne ko na yayanka, riƙe wasiƙar izini mai sa hannunsa. A ɓangaren Benin za a ba motar takardar wucewa mai wa'adi. Duba ranar ƙarewarta kafin ka bar wurin.

Katin rigakafin shawara, wato yalo kad, ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allura. Wanda ya yi allura jiya ya taho yau bai cika sharaɗi ba. Amma allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Tun Oktoban 2018, lokacin da Buhari da takwaransa na Benin, Talon, suka buɗe ofishin haɗin gwiwa na Seme-Krake, jami'an ƙasashen biyu a harabar guda suke aiki. Duk da haka hatimi biyu kake bukata: na fita daga Najeriya da na shiga Benin. Buɗe fasfon ka gan su da idonka. Wanda aka tsallakar da shi ba hatimi, ranar dawowa zai gane kurensa.

Shi kuwa jira, yawancinsa ba a bodar yake ba. Cunkoson hanyar Mile 2 zuwa Badagry da shingayen bincike daga Agbara zuwa Gbaji sukan ci lokaci fiye da buga hatimi. A bodar kanta, manyan bas masu zuwa Lome da Akara na tashi da sassafe, kuma in ka iso bayan ɗaya, sai an gama da fasinjojinta kaf. Ƙarshen shekara da jajibirin sallah layi na ƙaruwa. Kada ka bi sahun tireloli. Nasu binciken daban ne, yana iya kai su kwana.

Kaya ma na jawo tsaiko. Kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa dole a bayyana shi ga kwastan. Dabbobi da kayan gona sai da takardar jami'an killace dabbobi da tsirrai. Shinkafar waje kuwa an hana shigo da ita ta ƙasa, komai arharta a Kwatano. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, ka nemi rasit cikin ladabi.

'Yan uwanmu masu takardun Nijar su lura: ƙasarsu ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu ba biza har sai ta sanar da wani abu daban, don haka a riƙa tambaya a ofishin shige da fice kafin kowace tafiya.