Fuskar yaro ta kumbura da safe, kun ce barci ne?

Iyaye don Allah ku daina zama da yaro a gida fuskarsa na kumbura. Abin nan ya ishe ni wallahi. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum, yaro ɗan shekara shida ko takwas ya tashi da safe ƙasan idonsa ya yi fam kamar wanda ya kwana yana kuka, kafin rana ta take kumburin ya sauka, sai uwa ta ce ai barci ne ya yi masa yawa, uba ya ce a bari a gani zuwa gobe. Goben nan ita ke zama sati. Sai ƙafa ta hau, fitsari ya ragu ya koma ja-ja baƙi-baƙi, kai na sara, sannan a kwaso mana shi asibiti a guje yana jijjiga.

In na tambaya ko ya yi ƙazwa ko ƙuraje masu ruwa ko ciwon maƙogwaro kwanakin baya, sai a ce "e, amma ai ya warke tuni". To daga nan abin ya taso, ƙoda ce ta taɓu. Ƙwayar cutar sitireptokokas ce ke kawo irin ƙurajen da ciwon maƙogwaron nan, tana kuma shiga fata inda aka sosa ƙazwa, kuma a jininmu akwai wasu furotin sama da 30, galibi hanta ke yin su, likitoci na ce musu komfiliment. Su ne ke manne wa ƙwayar cuta su yi mata alama, su kira fararen ƙwayoyin jini, wasu ma su huda ta ta fashe. Aiki mai kyau. Matsalar wani lokaci ɓurɓushin ƙwayar cutar na maƙalewa a matatar ƙoda, komfiliment ya bi shi can ya ta da kumburi, ƙodar ta kasa fitar da ruwa da gishiri. Bayan maƙogwaro sati 1 zuwa 2 yake ɗauka, bayan ƙurajen fata sati 3 zuwa 6, shi ya sa ba wanda ke haɗa su.

Saukar kumburin nan da rana BA sauƙi ba ne. Yaro ya miƙe tsaye, ruwan ya gangara ƙafa, shi ke nan. Yana nan a jiki yana ɗaga jini. E, yaro ma na yin hawan jini, kuma shi ke kawo jijjigar, ko ruwa ya taru a huhu numfashi ya gagara. Amma ku kuna zaune kuna jiran gobe. Haba!

Wasu kuma sai su siyo Lasix da kansu wai a janye ruwan, su ƙara da ibuprofen ko diclofenac don ciwon kai. Ƙodar da ke fama kuke ƙara wa nauyi. Wa ya auna jinin yaron? Wa ya duba fitsarinsa? Lasix ɗin mu ma muna bayarwa, amma sai an auna, an san nauyin yaro, ana lura da shi.

Na san ba da gangan kuke yi ba, ba uwar da ke son ɗanta ya wahala. Kuma yawancin yaran nan in an kawo su da wuri suna warkewa sarai. Akwai gwajin jini da ake kira C3, ɗaya daga cikin komfiliment ɗin nan ake aunawa, lokacin ciwon yana faɗuwa saboda komfiliment ya ƙare a wurin faɗa, cikin sati 6 zuwa 8 ya dawo daidai. In bai dawo ba likita zai nemi wata cutar, don haka ranar da aka ce ku dawo ku dawo, ko da yaro na tsalle-tsallensa.

A gurguje:
- kumburin fuska da safe, asibiti ranar, ba gobe ba
- ku leƙa fitsarinsa, launi da yawa
- ku faɗi ƙurajen ko maƙogwaron da ya yi ko da sun warke
- kar a ba shi magani kafin a duba shi, a rage gishiri
- ƙazwa a yi wa duk 'yan gida magani lokaci guda, a yanke wa yara farce
- jijjiga, haki ko fitsari ya ɗauke, ko tsakar dare ne ku taho